Igiyar shanyar da ta so ci mini hannu

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Saratu ta shige tun damina, ga ni. Jinya na yi.

Abin ya faro da ɗan zirr a tafin hannuna duk sanda nake shanya. Igiyar tamu ta waya ce, maigida ya ɗaure ta jikin ƙarfen rumfa. In kayan sun bushe ba na jin komai, sai in suna jiƙe.

Na faɗa wa surukata. Ta ce, "Ɗiyata, wagga jihwa ta. Da wa kinka yi hwaɗa?"

Ni kuwa dama ban yarda da kowa ba. Nan take na ɗora wa maƙwabciyata Ladidi, don mun taɓa sa-in-sa kan kwata. Ko gaisuwarta na daina amsawa. Aka yi turare, aka sha rubutu, igiya tana nan inda take.

Wata safiya bayan ruwa na fito ba takalmi na kama ta. Ta riƙe ni. Ina so in yi ihu, baki ya ƙi. Da ta sake ni na faɗi kan turmi, hannu ya karye.

Kun san mu, karaya sai Aliero. Mai ɗori ya gyara ƙashi tsaf, ɗan ramin ƙunar da ke tafina kuma aka shafe da magani aka naɗe.

Hannu ya kumbura, ya fara wari. Fitsarina ya koma kamar shayi.

A asibitin Jega likita ya kwance ya duba. Ya ce, "Hajiya, wutar lantarki ciki take ci. In ya wuce nan, hannun za mu cire."

Na ji tsoro, wallahi. Har shi na zarga, na ce ko yanka kawai yake so.

Awon zuciya, awon jini, ƙarin ruwa, wankin ciwo kullum da safe ina cizon zane. Albasar da maigida ya ɓoye yana jiran tsada, duk ta tafi.

Ina kwance aka kira mai gyaran wuta. Ashe wayar da aka ja wa injin markaɗe ce ta zage tana taɓa kwanon rumfa. Ladidi kuwa ita ke kawo mini kunu. Kunya ta ishe ni.

Alhamdu lillahi, na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, ku daina ɗaura igiyar waya jikin kwano. In ƙarfe ya yi muku zirr, ku kashe wuta ku kira mai gyara. Wanda wuta ta ja, asibiti tukuna, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba.

Hannun ya tsira. Ƙaramin yatsa ne na baro musu can.