Faɗan Tsohuwata a Cikin Akwati

Karatuna na boko aji biyu ne, na biyun ma ta taga na yi shi, don malamin ya ce in ina ciki ba mai jin abin da yake faɗi. To mai irin wannan ilimi ne aka bari gida ɗaya da na'ura.

Babban ɗana, wanda ke aiki a sakatariyar Kusada, shi ya kawo akwatin. Baƙi ne, bai kai bulo girma ba, da 'yar fitila koriya a goshi. Ya aje shi a ɗakin da batiran sola suke, ya ce duk hoto da bidiyon wayoyin gidan nan can suke zuwa su kwanta, ba igiya ba komai.

Na ce, "Rumbu ke nan."

Ya ce, "Rumbu ne, Baba. Zafi ne kawai ba ya so. Kuma don Allah kar ka taɓa."

A rumbun nan abu ɗaya ne nawa. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba har ta koma ga Mahaliccinta. Sai ran wani suna a gidan, ɗiyata tana ɗaukar bidiyon tukwane a madafa, ni kuma na lallaɓa da ludayi wajen tukunyar nama. Bayan uwarta kawai ake gani da hannunta, amma muryar ta fito tas: "Malam, aje ludayin nan! Ko kunyar surukai ba ka ji? Tsoho da kai, gemu fari fat, kana satar tsoka kamar kyanwa." Daga nan sai ta fashe da dariya, irin tata mai sa ta dafa gwiwa.

Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa rijiya. A duniya ba inda muryar nan ta rage sai cikin akwatin. Ɗiyata ta saita mani a wayata, in na danna wuri guda sai ta fito. Kullum bayan la'asar sai na zauna a yi mani faɗana, in ji dariyar, sannan in tashi.

Sai bazara ta zo, ɗana kuma ya tafi Katsina wani kwas. Na shiga ɗakin da rana tsaka, na ishe fankar akwatin tana kuka kamar sauro a kunne. Na ce ba taɓawa zan yi ba, dubawa ce. Na ɗora hannu, zafi rau. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake sanyaya jarkar ruwa. Na samo buhun algarara, na jiƙa shi sharkaf, na naɗe akwatin da kyau, na fita ina yaba wa kaina.

Bayan la'asar na danna waya, shiru. Na koma ɗakin, fitila ta zama ja, ciki kuma wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas.

Ban tsaya nan ba, ai likita ba ya gudun marar lafiyarsa. Batir in ya mutu a rana ake shanya shi, sai na shanya akwatin a kan katanga. Rediyo in ta yi gardama mari take so, sai na ba shi biyu a gefe. Na kunna, na kashe, na sake kunnawa. Matar ɗana ta leƙo.

"Baba, mi kake yi haka?"

"Jinya."

Ta koma ɗaki, na ji tana buga waya ƙasa-ƙasa.

Da ɗana ya dawo ya daɗe tsaye a kan akwatin. Ɗa ba ya yi wa uba faɗa, amma na ga faɗan yana kai da kawowa a maƙogwaronsa. Abin da ya iya fitarwa kawai, "Baba, sau nawa ka kunna shi?"

Na ce, "Ban ƙidaya ba. Uwarka tana ciki?"

Ya ce bai sani ba.

Washegari muka kai akwatin Kankia, wajen wani abokinsa mai gyaran kwamfuta a bakin titi. Ya kwance shi, ya zaro faifai biyu. Ya ce tagwaye ne, abin da aka zuba wa ɗaya an zuba wa ɗayan. Mai ƙas-ƙas ɗin nan ya riga ya tafi. Ɗayan yana da sauran numfashi, amma ba za a sake sa shi aiki ba, sai dai a kwashe abin da ke cikinsa sannu a hankali zuwa sabon faifai, inda ya ƙi karantuwa a tsallake.

"Baba, kowace kunnawa da ka yi, kamar ka ja garma ne a kan shuka. Ba zan yi maka alkawari ba."

"Zuwa azahar ka gama?"

Ya dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan aje jikina ba. In na zauna a zaure sai in tashi. Na je gonata ta hanyar Kaikai da niyyar sharar gona, na zagaya ta, na dawo ban tsinke ko kara ba. Abin da ya fi tsorata ni, in na rufe ido ina neman muryarta, kalmomin suna zuwa daidai, amma da muryata suke zuwa. Ashe tun da na samu na'urar da ke tuna mani, na saki nawa riƙon.

Kowace safiya sai in hau acaɓa zuwa Kankia. A allon kwamfutar akwai wani layi da ke rarrafe, hawainiya ma ta fi shi sauri. In zauna a benci in zuba mishi ido. In ya tsaya sai in miƙe tsaye.

"Ya tsaya!"

"Wuri mai ciwo ya tarar, Baba, zai wuce."

"In ɗan bubbuga teburin?"

"Baba, don girman Allah. Ƙafarka ma da kake kaɗawa tana girgiza faifan."

Ƙarshe dai da ladabi ya kore ni zuwa teburin mai shayi a tsallaken titi. Mai shayin Bafillace ne, abokin wasa, labari kuma ya riga ya kai gare shi.

"Likitan akwati! Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ana mishi ƙarin ruwa."

"Ai ruwan ne ya kwantar da shi. Mu shanu muke kai wa mashaya, ku har kwamfuta."

Na ce ya zuba shayi ya bar ni. Na sha ban ji ɗanɗanonsa ba, idona na kan ƙofar shagon.

Ran da layin ya kai ƙarshe, mai gyara ya ce an samu da yawa, sai dai duk sunayen sun goge, komai ya zube wuri guda kamar an tuntsurar da buhu. Ɗiyata ta zo daga gidan mijinta, muka zauna a shagon tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ga bikin wane, ga rago, ga takardun ofis, ga wani hoton ƙafata da ban san wanda ya ɗauka ba. Duk wanda ta buɗe sai in ce wuce, wuce. Har ta ce, "Baba, in za ka karɓi linzamin kwamfutar ne ka karɓa."

Sai ga tukwane. Rabin allon ya zama toka-toka, bayan tsohuwata ma ba a gani sosai.

"Malam, aje ludayin nan!"

Ɗiyata ta toshe baki da gyale. Ni kuwa na ji hannuna na dama ya buɗe da kansa, kamar mai sakin ludayi. Faɗan ya zo duka, surukai, gemu, kyanwa. Na gyara zama ina jiran dariyar. Sai sautin ya yi ƙirit, ya ɗauke.

Mai gyara ya sake gwadawa ta wata hanya, ya ƙara gwadawa. Ya ce daidai nan faifan ya ji ciwo, ko ruwan ne ko marin, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu faɗan yana wayar kowa a gidan, yana sabon akwati, akwai kuma wani a Kankia. Na sa an zuba mani a memori, baduku ya ɗinke mani shi a fata kamar laya, yana aljihuna. Ɗakin sola kuwa an sa mishi kwaɗo, mabuɗin yana wajen matar ɗana.

Bayan la'asar har yau ina dannawa. Ta yi faɗanta ta gama, sai shiru, ni kuma in yi ta zama ina sauraron shirun. Mutane suna cewa ɗiyata ta ɗauko dariyar uwarta, shi ya sa in na je gidanta nake bi ta madafa in tsoma hannu a tukunya da gangan, ta kama ni. Tana yin dariyar kuwa, har da dafa gwiwa. Ta kusa, amma akwai wani ɗan karyewa a ƙarshe da ba ta yi. An ce ran Juma'a za ta dafa kan rago, zan sake zuwa in ji.