Tartsatsi Da Daraktocinsa

Tartsatsi muke ce masa, don tun muna samari in ka hango wuta na feshi a bakin layi, shi ne a tsugune da baƙin gilashi yana haɗa ƙarfe da ƙarfe. Mai walda ne na gaske. Ƙofar da ya yi wa gidana, ɓarawo in ya gan ta gaishe ta yake yi ya wuce. Rumfarsa ta kwano ce, a matse tsakanin mai faci da mai cajin waya, kuma in dai akwai wuta, ba ya neman komai a wajen kowa.

Sai wata makaranta ta nemi kujerun ɗalibai masu ƙafar ƙarfe, na azuzuwa gaba ɗaya. Shugabar ta zauna a kan samfurinsa ta jijjiga, kujera ko gezau. Ta ce aikin nasa ne, amma su da kamfani mai rajista da asusun banki suke hulɗa, kuma a kawo kafin a dawo hutu.

Lauyan da ya je wajensa ya ce abin ba wuya: suna, adireshi, sai daraktoci biyu, shi da wani da ya yarda da shi. Tartsatsi ya yi niyyar sa matarsa. Kuskurensa, ya faɗi haka a gaban Inna, mahaifiyarsa.

"Yayanka na raye, ka tsallake shi ka ɗora mata a kujera?"

Aka sa Yaya. Labari ya kai kunnen Kawu, ƙanin Inna, wanda ya koya wa Tartsatsi riƙon ƙarfe. Ya aiko cewa shi ba ya neman komai, ya dai ji an yi rabo ne babu shi. Aka sa Kawu. Lauya ya cire tabarau ya bayyana wa Tartsatsi cewa darakta ba sarauta ba ce, aiki ne, kuma takardu da yawa ba za su motsa ba sai da hannunsu. Tartsatsi ya ce ai hannu kowa na da shi.

Daga nan ya koma ɗan zirga-zirga. Sunan da ya zaɓa wani ya riga shi. Rumfar ba ta da lamba, sai da ya samo shaidar mai fili. Katin shaidar Kawu ya daɗe da mutuwa. Duk ya haɗiye, har takardar rajista ta fito, ya sa ta a gilashi.

A banki aka tsaya cak. Suka ce daraktoci su zauna su amince da buɗe asusu a rubuce, kowa ya sa hannu. To, Yaya da Kawu ba sa ga maciji tun rigimar wata katanga. Kawu ya ce ba zai sa hannu a ƙarƙashin yaron da ya goya ba. Aka mai da sunansa sama, Yaya ya ce shi aka fara naɗawa. Tartsatsi ya koma wajen lauya ya ce a cire su duka.

"Ana iya cirewa," in ji lauya. "Amma ko dai su rubuto sun sauka da kansu, ko ka kira taro ka tsige su. Kai za ka sanar da Inna."

Tartsatsi ya fito ya zauna a kan babur ya kasa tayar da shi.

Hutu ya kusa ƙarewa, shugabar ta kira ta ba shi haƙuri. Wani mai kamfani ya samu aikin, mutumin da ko kunna injin walda bai iya ba. Ya zaga gari neman wanda zai ƙera masa, kowa ya nuna masa rumfar Tartsatsi.

Jiya na sami Tartsatsi yana goge ƙafafun kujerun, yana liƙa wa kowace tambarin kamfanin wancan mutumin. Na ce, ranka ya daɗe shugaban daraktoci, yaya harka? Ko gilashin bai ɗaga ba. Ya ce in matsa daga kan waya kafin wuta ta ja ni.