Tantin Gwanjo a Tsakar Gida

Shekarar da ɗana ya fara rarrafe, maigidana ya kamu da kallon wasu Turawa a waya. Su je gindin dutse, bakin ruwa, su kafa tanti su kwana, alhali da ganinsu suna da gidaje. Ya ce hutun mai ƙaramin ƙarfi ke nan, babu otal, babu sayen abinci. Ƙasar tasu ta yi mana nisa, sai ya zaɓi bakin ruwan Tiga. Ya ce ai ruwa ruwa ne.

Na ce to.

Ya sayo tanti na gwanjo, kore, mai warin akwatin wani. Tsakar gidanmu a Ƙofar Mazugal daɓen siminti ne, turakun suka ƙi shiga. Ya ɗaure igiya ɗaya a turmi, ɗaya a tagar Hajiya, surukata. Ta leƙo.

“Wa za a yi wa kaciya?”

“Hutu za mu je, Hajiya.”

“Daga me?”

Ya ci gaba da jan igiyarsa.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ana tsakiyar bazara, tantin kuma tagarsa ba ta kai faifai ba. Mutanen cikin wayar kuwa rigunan sanyi ne a jikinsu, in sun yi magana har hayaƙi ke fita daga bakinsu. A nan za a kwantar min da yaron da ƙurajen zafi suka riga suka cika wa wuya. In na faɗa, zai ce tsorona ya yi yawa, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce.

Da ya tafi kasuwa, na sa man shanu a ɗan kwano, na ajiye a cikin tantin, na ja zif. Kafin azahar ya zama ruwa. Da ya dawo na nuna masa.

“Yaron ba man shanu ba ne,” in ji shi.

“Haka ne, Malam. Amma ka ɗan kishingiɗa a ciki gobe, ka gwada mana.”

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya shiga tantin da wayarsa ya ja zif. Ni da Hajiya muka zauna a inuwa, yaron a cinyata.

“Da daɗi,” ya ce daga ciki.

Can sai hannu ya fito yana neman ruwa. Hajiya ta miƙa masa, ta tambaye shi ko sun isa lafiya.

Da ya fito, rigarsa manne a baya, ya zauna jikin randa ya daɗe yana duban wuyan yaron.

“Dama lokacin sanyi aka fi zuwa,” ya ce.

Na ce Allah ya kai mu. Tun kafin la'asar na shiga maƙwabta tambayar irin bargon da ke riƙe yaro a bakin ruwa.