Tirelar Jirgin Kawu

Shekarar da kawuna ya yi ritaya, kowa ya zaci gona zai saya a Zungur kamar yadda abokan aikinsa suka yi. Sai ga shi wata Asabar ya dawo daga Numan da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ɗaure a kan tirela mai taya biyu, yana jan ta da tsohuwar motarsa. Wai kamun kifi zai riƙa zuwa a dam ɗin Gubi. Lungunmu na Ƙofar Wambai ya yi wa tirelar kaɗan, don haka ya ce a kai ta filinsa da ke Inkil.

'Ya'yana mata biyu suka dage sai sun hau jirgin. Kawu ya ce a bar su, ai a hankali zai tafi. Na bi su a babur, ina kallonsu suna ta ɗaga wa mutane hannu. A hanyar na lura babu fitilar bayan tirelar da ke kamawa, domin da ya taka burki saura kaɗan in shige ƙarƙashin jirgin.

Washegari muka ɗauko mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Ya duba ya ce ƙwayayen duk sun fashe, saboda ana tura tirelar cikin ruwa suna da zafi, wayoyin kuma sun yi kore. Ya ba da shawarar a sa fitilun LED waɗanda ake rufe su ruf, ruwa ba ya shiga, kuma a canza wayar gaba ɗaya tun daga soket ɗin mota. Kawu ya yarda, aka je kasuwa aka sayo.

Tsohuwar wayar ta cikin bututun ƙarfen da ke haɗa tirela da mota ta bi. Mai rewaya ya ja, ta ƙi fitowa. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da sukundireba don ta saki. Sukundireban ya nutse ciki kamar an soka shi a burodi.

Ya ɗago ya dube mu, ya sake sokawa a gefe. Fenti ya ɓamɓaro, garin tsatsa ya zubo tare da guntayen abin liƙe jikin mota. Ashe wanda ya sayar da ita cike ramukan ya yi, ya shafa baƙin fenti. Mai rewaya ya ce mu matsa, ya dafa bututun da ƙafa ɗaya. Nan take ya karye gida biyu, hancin jirgin ya daki ƙasa.

Ban san sanda na zauna a kan bulo ba. Ramukan titin da muka bi jiya nake ta tunawa ɗaya bayan ɗaya, da tifar yashin da ta daɗe tana biye da mu. Kawu ya cire hularsa yana salati. Can ya dube ni.

"Ɗana, jikokina na ɗora a kan wannan?"

Mai rewaya ya tattara sababbin fitilun ya mayar cikin kwalinsu.

Sai da mai walda ya sake ƙera gaban tirelar da sabon ƙarfe mai kauri sannan aka koma kan fitilu. Kawu ya tsaya a kansu, kowane mahaɗin waya sai ya ga an naɗe shi. Da aka gwada, jar fitilar burki ta kama, sigina ta kama hagu da dama. Ya kira mutumin Numan sau da yawa, wayar a kashe. Ranar da ya fara kai jirgin Gubi, motoci suka yi ta masa hon a baya saboda tsabar tafiya a hankali, bai ƙara gudu ba har muka isa bakin ruwa.