Ciwon da Bai Fito a Awon Jini Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokai. Kun saba ganina nan ina saka hoton gona da jikoki. Yau zan faɗi abin da na riƙe a ciki kusan shekara talatin. Jiya na ji wani yana cewa lalaci ne kawai ya kwantar da ɗan maƙwabcinsa, sai na ji ba zan iya ci gaba da shiru ba.

A farkon shekarun casa'in ina aikin lafiyar dabbobi a Illela. Ni ke zagaya rugage ina yi wa shanu rigakafi. Ina da aiki, ina da matata Mariyama da ɗiya uku. Damina ta yi kyau, rumbu ya cika, babu wanda ya rasu mini. Na faɗi haka don ku gane ciwon nan bai jira dalili ba.

Da abinci ya fara. Tuwo da nama duk ɗaya suke a bakina, kamar ina tauna ƙasa.

Daga nan barci ya ragu. Sannan magana. In ɗiyata ta hau cinyata sai in ji nauyinta kawai, ba na jin daɗin da na saba ji. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Wata rana a wata ruga kusa da Badagishiri, an riƙe mini saniya, allura na hannuna, na tsaya na kasa ɗaga ta. Aikin da na yi shekaru ina yi. Arɗon rugar, dattijo ne da ya san ni, ya dube ni ya ce, "Malam Mamman, ajiye allurar. Yau shanun nan sun fi ka lafiya."

Anka kai ni likita. An auna jini, an auna fitsari, an nemi zazzaɓi da taifot, an ɗauki hoton ƙirji. Kowane awo ya fito lafiya lau. Na sha rubutu, anka yi mini addu'a, na gode wa duk wanda ya yi. Wasu sunka ce sammu ne, wasu sunka ce rashin tawakkali. A buro, wato ofishinmu, aka fara zancen a maye gurbina.

Wata rana da hantsi Mariyama na tankaɗe, na ce mata, "Da Allah ya ɗauki raina da kun huta."

Ta ajiye rariyar. Ba ta yi kuka gabana ba. Ta aika wa yayana Isuhu, direba a Konni, ya zo ranar da motarsa.

"Tashi mu tahi," ya ce.

Na ce, "Yaya, an auna ni, ba a ga komi ba."

"To a sake dubawa. Ba ni barin ka nan."

A Konni munka samu wata lokotoro, wato likita, 'yar Yamai, Hausarta na ɗan karyewa. Ba ta ɗebi jinina ba. Tambaya ta yi ta yi: yaushe na daina jin daɗin abinci, yaya barci, ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na amsa mata gaskiya, Yaya na zaune yana ji.

Ta ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane. Da ta ji aikina sai ta gyara zama. "Kai ai za ka gane. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai. Ɗaya sunansa serotonin. Saniya na da shi, kaza na da shi, har fara. Yana da hannu cikin barci, da cin abinci, da kwanciyar rai. Ba mu gama sanin aikinsa ba, amma maganin da ke taimaka masa yana tayar da mutane irinka."

Ban taɓa zagin saniya don ta daina cin ciyawa ba. Magani nake nema mata. Amma ni na yi watanni ina zagin kaina.

Ta gargaɗe ni cewa maganin ba ya aiki nan take, sai an yi makonni, kuma kada in bari don na ji sauƙi. Ba a samunsa a Illela, kuma yana da tsada. Yaya ke sayo shi Yamai in ya yi lodi. Mariyama ta sayar da tunkiyarta, ban sani ba sai daga baya.

Makonnin farko bakina ya bushe, jiri na ɗibata, kasala ta ƙaru. Na ce bai yi ba. Mariyama ta ci gaba da miƙo ƙwayar da ruwa, ta tsaya sai na haɗiye.

Sai wata rana ina cin tuwo na ce, "Miyar nan gishirinta ya yi kaɗan."

Ta tsaya tana kallona. Sai dariya, sai hawaye. Ta ce tun girbi ban ce komai a kan girkinta ba.

Daga nan abubuwa sunka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na koma aiki kafin damina. Na sha maganin har lokacin da lokotoro ta rage shi da kanta. Na yi aikina har ritaya, na aurar da ɗiyana duka. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Mariyama. Na gode wa lokotoron nan, duk inda take. Yaya Isuhu ya rasu, ku sa shi cikin addu'a.

In naka ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga mutane, kada ka tsaya kan cewa awo bai nuna komai ba. A faɗa wa likita halin da ransa ke ciki. A yi addu'a, a sha magani, kada a yanke shi ba da izinin likita ba. In ya ambaci mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai.

Kuma kada ka ce masa ya je asibiti. Ba zai iya ba. Ka zo ka kai shi.