Bargon da Ya Dawo Daga Kanada

Duk garin Tregaron an san Morfudd Probert da abu biyu: allura da baki. Ta haura tamanin, ba ta taɓa aure ba. Ta yi jinyar uba, ta yi kiwon tumaki a kan tudu har gwiwoyi suka ce sun gaji. Mace ta kuskura ta nuna mata ɗinki, sai ta juya bayansa ta ce, "Da ƙafa kika yi wannan?" Amma a ambaci ƙanwarta Nesta, nan take bakin zai mutu.

Tun suna 'yan mata Nesta ta bi miji Kanada. Kafin tafiyar, Morfudd ta kwashe lokacin sanyi guda tana ɗinka mata bargo, ƙyalle ja da baƙi, ciki ta shimfiɗa gashin tumakinsu da ta wanke ta taje da hannunta. Nesta ba ta ƙara taka gida ba, can ta rasu. Kewa kuwa ta ci Morfudd, ba kaɗan ba. Abu ɗaya ya riƙe ta duk shekarun nan: in ƙanƙara ta rufe garin can, ai yarinyar tana ƙarƙashin ɗinkinta, tana jin ɗumin tumakin gida.

Kwatsam sai ga jikar Nesta ta aiko da bargon don baje kolin barguna da ake yi a zauren gari. Morfudd ta kafa hular zuwa coci, ta ɗauki sanda. So take ta ga yadda ya tsufa. So take ta ga inda haɓar Nesta ta cinye bakinsa, inda yara suka ɓarar da shayi, faci kan faci.

Zauren ya cika da launi, rawaya, shuɗi, kore shar, duk a rataye kamar shanya. Har ta tsaya gaban wani mai ruwan goro ta ce, "Ba laifi." Daga bakinta wannan babban yabo ne.

Ceinwen, matar da ke kula da baje kolin, ta taho da farar safar hannu tana washe baki.

"Anti Morfudd! Ga naki can, a tsakiya muka sa shi. Amma don Allah ban da taɓawa, na san halinki."

"Ji min 'ya! Ni na haife shi, ke za ki hana ni?"

Ta matsa kusa. Jan yana nan jawur. Baƙin ko kaɗan bai koɗe ba. Ta bi gefe da ido, ta sake bi, tana neman ko zare ɗaya da ya zare. Babu. Sai layukan ninki kawai, sun kwanta raɗau.

"Kin ga ikon Allah?" in ji Ceinwen. "Sabo fil! Jikar ta ce a akwati Nesta ta adana shi, cikin takarda. Ko sau ɗaya ba a rufa da shi ba. Ta ce kaka ba ta bari kowa ya matso kusa, sai dai ta buɗe ta kalla ta mayar."

Mutane suka taru suna ta yabo. Morfudd ba ta ji ko ɗaya ba. Ta dafa sanda da hannu biyu, hawaye na bin kumatu ba ta ko share ba.

"Haba Nesta," ta ce a hankali. "Wawiya kawai. To da me kika rufa?"