Lilon Tsamiyar Maƙera

Jiya jikata ta jiƙa ramar tufka a bayan ɗaki, warin ya iske ni zaune, sai ga ni a zuci ƙarƙashin tsamiyar nan ta ƙuruciyata. Da furfura na koyi rubutu, ku yi haƙuri da hannuna, amma wannan magana ba zan tafi kabari da ita ba.

A Kebbe aka haife ni, tun Nasara ba su taka ƙasar Sarkin Musulmi ba. Kakana, mahaifin inna, maƙeri ne. A tsamiyar ƙofar maƙerarsa ya ɗaura mana lilo, igiyar rama da guntun itace na zama. Damina guda ta wuce a kan igiyar nan, ba wanda ya ɗaga kai.

Bayan girbin gero ƙanwata ta hau, ina tura ta, tana dariya tana cewa in ƙara. Na ƙara. Igiya ta tsinke tana can sama, ta faɗo da ƙeya kan saiwa. Kwana uku ba ta yi magana ba, ran na fuɗu aka kai ta makwancinta.

Wasu suka ce iskokin tsamiya ne. Wasu suka ce ƙarfin turina. Inna kuwa kallona kawai ta daina. Za ta ajiye mini tuwo fuskarta na wani gefen. Wallahi gara ta doke ni.

Ana gama sadakar bakwai kakana ya hau tsamiyar da tsufansa, ya kwanto guntun da ya rage a reshe. Ya shimfiɗa shi bisa tabarma kusa da wanda ya faɗo, ya daɗe yana murza bakunan da yatsa. Sannan ya kira inna, ya kira ni.

"Ɗiyata, duba nan. Igiyar da ƙarfi yat tsinka, silinta farare na. Wagga ta yi baƙi, ta siɗe. Ɓawon reshe ke cin ta kullum kaɗan-kaɗan, ruwa ya ruɓar da saura. Ni niɗ ɗaura ta bisa ɓawo, ban koma na duba ba. In mai laifi kike biɗa, ga ni. Ki bar yarinya."

Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Ranar kasuwa ya tafi Tambuwal ya sayo ƙarfe da fatar bijimi. Ya naɗe reshen da fata. Ya ƙera ƙawanya biyu-biyu a sarƙe, ta sama ɗaure da ƙirin fata ba ta motsi, ta ƙasa riƙe da igiya, don ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. Ya shafa musu man kaɗe, ya rataya taikin gero, ya yini yana kaɗa shi yana saurare.

Ba uwar da ta bar ɗanta ya matso. Ni ya ce in hau. Na zauna, ƙafafuna sun ƙi barin ƙasa. Sai na ji tafin hannu a bayana, mai ƙanshin daddawa. Ban waiga ba, na san hannun inna ne. Ta tura ni a hankali, ina jin shessheƙarta.

Tsamiyar an sare ta da aka zo fitar da hanyar mota. Ƙawanya ɗaya na cikin adudun kayana, ta yi tsatsa. Har yau duk inda na ga an ɗaura lilo, sai na tsaya a kai an hau an duba reshe. Jikokina na cewa tsohuwa ta cika faɗa. Su ce. Ba su ji ƙarar faɗuwar ƙanwata ba.